An rubuta "ƙuna mataki na 2, kashi 12%" a katin yaro, me ake nufi?

Uwar yara, Argungu:
Salamu alaikum. Kunu mai zafi ya zube wa ɗan ƙanwata mai shekara 3 a ƙirji da hannu, har ya fantsar masa a ido. Abin da aka rubuta ke nan, aka ce mu wuce Birnin Kebbi. Ba za a iya jinya a gida ba?

Nas, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ku tafi yau.

Mataki na 1 fata ce ta yi ja kawai, tana warkewa cikin mako guda. Na 2 shi ne mai bororo da jiƙewa da tsananin raɗaɗi, yakan ɗauki mako 2 zuwa 3. Na 3 wurin yakan yi fari ko baƙi, ya ƙandare, kuma ba ya ciwo sosai domin jijiyoyin ji sun mutu. Wannan sai dashen fata.

Kashin kuwa faɗin ƙunar ne. Tafin hannun yaron da yatsunsa kusan kashi 1 ne na fatar jikinsa, nasa ya kai tafi 12 ke nan. Yaro in ya haura kashi 10, ruwan jiki na tsiyayewa ta wurin har ƙoda ta gaza. Shi ya sa ake ƙara masa ruwa, ana auna fitsarinsa awa-awa. A tambaya ko allurar tetanus ɗinsa ta cika.

Jami'in lafiya, Jega:
Ƙari kan bayanin Malama: in awa 3 ba ta wuce ba, a kwarara ruwan famfo ko na randa minti 20, ban da ƙanƙara. Sauran jikinsa a lulluɓe, sanyin hunturu na saurin kama yaro. Kada a fasa bororon. Ƙwai, manja, baƙin mai da man goge baki duk ƙwayoyin cuta suke jawowa, kuma sai an kankare su a asibiti, yaron na kuka.

Ma'aikaciyar sashen ido, Gusau:
Idon ya fi damuna, Hajiya. A wanke da ruwa mai tsabta, kada a ɗiga nono ko a sa kwalli. Kada a sayi maganin ɗigawa a kemis, musamman mai dexamethasone: in baƙin idon ya sami rauni, ƙara rura gyambon yake yi, ƙarshensa hakiya. A asibiti za a ɗiga wani rini a haska da shuɗiyar fitila, inda ya ƙuje zai fito kore. In yana ƙin haske ko ya kasa buɗe idon, ku faɗa tun a wurin yankar kati.