Wai bairos ne, ya hana ɗiyata magani

Abban Yara: Jama'a ku taya ni ji. Jiya da dare na kai ɗiyata wani asibiti nan Birnin Kebbi, kwana biyu tana mura da tari, jiki da ɗumi. Na yanki kati, na bi layi har ƙarfe goma. Likitan ya haska maƙogwaronta da tocila, aka gwada maleriya babu, sai ya rubuta parasitamol kawai. Na ce ya haɗa da Amoxil na ruwa, ya ce wai bairos ne, antibayotik ba ya taɓa shi. Wanga ai rowa ce. Likitocin yanzu ba su son talaka ya warke.

Maman Biyu: Allah ya ba ta lafiya. Amma Malam, bai cuce ka ba. Mura da kyanda bairos ke kawo su. Amoxil bangon ƙwayar bakteriya yake rushewa, shi kuwa bairos ba shi da wannan bangon. Ka ba ta a banza, ranar da ciwon huhu ya zo da gaske maganin ya ƙi ci.

Ɗan Jega: Ku tsaya tukuna. Likita ne ko malamin asibiti? Ku duk wanda ya sa farar riga sai ku ce likita.

Sista: Ɗan Jega, gyara bakinka. Malamin asibitin kake rainawa? Da sanƙarau ya ɓarke a Gwandu da Aliero da garinku Jega a 2025, su wa suka kwana a tsaye suna yi wa yara allurar ceftriaxone? Ni da hannuna na riƙe yaron da wuyansa ya sandare, uwarsa na kuka a bakin ƙofa. Likita nawa ka gani a ƙauye lokacin?

Ɗan Jega: Ni ban raina kowa ba, Hajiya. Na ce a kira kowa da sunansa. Shekara shida a jami'a ba wasa ba ce.

Sista: Shekara shida, sannan ya tafi Saudiyya ya bar mu da marasa lafiya.

Bazamfare: Ku har kun samu masu allura. Mu a 2017 da sanƙarau nau'in C ya shigo Zamfara, Gwamna Yari cewa ya yi zunubanmu ne suka jawo.

Baban Sadiq: Kar ka sako mana siyasa. Ina ƙaryar? Ba a jarrabar bayi da cuta?

Bazamfare: Ana yi, Alhaji. Amma wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani. Rigakafin nau'in A aka yi mana a baya, ba ya kare C. A nan gizo ke saƙar.

Maman Biyu: Yanzu akwai rigakafin Men5CV mai kare nau'i biyar, Najeriya ce ta fara amfani da shi a 2024. Amma don Allah mu koma kan yarinyar nan. Laifin na masu kemis ne da suka saba wa mutane da ja da yalo ƙwaya biyu, Flagyl ƙwaya uku a ƙulle a leda.

Mai Kemis: To an iso kanmu. Mutum ya zo da ɗari biyar, ɗansa na zawo, in kore shi? Ku da ake biya albashi ba ku san wannan ba.

Sista: Ka ba shi gishiri da sukari na ORS da zinc mana!

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta: ba a tabbatar likita ne ya duba yarinyar ba, kuma ma'aikatan asibiti na da saurin ɗora wa masu kemis laifi, alhali su ke rufa wa talaka asiri da tsakar dare. Ƙanena kemis gare shi, na san wahalarsu. An rufe maganar.

Abban Yara: Ni har yanzu ba wanda ya gaya mini ko in sayo Amoxil ɗin.

Maman Biyu: Kar ka saya, Malam. Ka yawaita mata ruwa da abinci mai ɗumi. In numfashinta ya yi sauri, ko wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko zazzaɓin ya wuce kwana uku, ka mayar da ita asibiti ko da tsakar dare ne.