Abin da aka tattauna kan allurar rigakafi da masu jego

A wani gidan suna da ke Ƙofar Marusa, a Katsina, hira ta karkata kan mai jego da allura. Wata goggonmu ta ce ita dai tsoronta allurar ta bi nono ta cutar da jinjiri. Sai wata malamar asibiti da ta yi ritaya ta ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki," ta warware mana.

Ta ce mai shayarwa za ta iya karɓar allurar tetanas, da ta ciwon hanta, har ma da ta korona, ba tare da ta daina ba da nono ba. Wadda ake taka-tsantsan da ita ita ce ta ciwon shawara: idan jaririn bai kai wata 9 ba, a kan jinkirta wa uwar, sai dai in cutar ta ɓarke. Wannan ne ban taɓa ji ba, gaskiya.

Shi kuma jariri, da an haife shi a yi masa ta tarin fuka da ta hanta, a ɗiga masa ta shan inna. Sai a koma a sati 6, 10 da 14, ta ƙyanda kuma a wata 9.

Ranar allura a sa shi a nono lokacin da ake yi, kukan yana raguwa. Ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne, a ƙara shayar da shi. Ƙurjin da ke fitowa a hannu bayan allurar tarin fuka, kada a matse shi ko a shafa masa man zafi. Amma in ya ƙi kama nono ko ya fara jijjiga, a wuce asibiti nan take, da katinsa a jaka.