Shawarwari Kan Lasisin Manhajar Cikin Na'ura a Linux

A wata tattaunawa kan matsalar lasisin manhajar cikin na'ura (firmware) a Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mahalarta sun yi ittifaƙi cewa tushen matsalar shi ne kamfanoni da dama suna yarda a rarraba 'yar manhajar da ake loda wa katin Wi-Fi, amma suna ɓoye lambar tushenta, wato ainihin rubutun umarnin da aka gina ta da shi, su kuma hana a gyara ta. Shawarar da ta fi ƙarfi, wadda nake goyon baya, ita ce a bincika na'ura kafin saye, a karanta sharuɗɗan lasisin manhajarta a fayil ɗin WHENCE na linux-firmware, rumbun da ake tara irin wannan manhaja domin Linux. Mai son sauƙi ya ɗauki Debian 12, wani nau'in Linux, wadda ta fito a 2023 ɗauke da irin wannan manhaja. Mai tsayawa kan aƙidar amfani da manhaja mai 'yanci kaɗai kuwa ya nufi Trisquel, nau'in Linux da ba ya ɗauke da irin wannan manhaja, ya haƙura da katunan da ba za su yi aiki ba.