"Ba a mugun sarki sai mugun bafade": bakin wa ta fi dacewa da shi?

Ɗan Kurmi: Jama'a, wannan karin maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum daga bakin na kusa da gwamnati nake jin ta. Wanda aka ƙwace wa gona ban taɓa ji ya faɗe ta ba.

Tsohon Malami: Ɗana, ai talaka ne ya fi kowa faɗinta a da. Zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, sarki na da alƙali, da 'yan doka, da gidan yari. Wa zai kama sunansa? Sai a zagi dogari da mai karɓar haraji, a bar mai rawani. Tsoro ne aka yi wa ado da hikima. Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano suka ƙi tsayawa kan bafade, suka nuna tsarin sarautar kansa da yatsa.

Bazazzagiya: Baba, a yi mini afuwa, ban yarda tsoro ne kaɗai ba. Na taɓa riƙe shugabancin wata makaranta. Kafin nan ni ce kan gaba wajen sukar shugabanni. Da na zauna a kujerar, sai na ga ba na jin komai sai abin da mataimakana suka ga dama su kawo mini. An kori wata yarinya da sunana, sai bayan mako biyu na sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan Kurmi: To Hajiya, wa ya zaɓi mataimakan?

Bazazzagiya: Ni ce. Wannan ba zan musa ba, kuma har yau abin yana damuna.

Tsohon Malami: Madalla da wannan amsa. Ku duba 1979: PRP, jam'iyyar talakawa, ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Sun tuna zafin da suka gani suna waje. Amma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma a 1981, Kano ta kama da wuta, kuma cikin masu tarzomar har da talakawan da aka ɗauke wa harajin.

Ɗan Kurmi: Wannan ɗin ne ya ɗaure mini kai, Baba. Ke nan talaka yana ƙin zaluncin fada, amma ba ya son a taɓa rawanin?