Neman kalmar Hausa: me za mu kira baƙar rigar masu hawan igiyar ruwa?

Assalamu alaikum, jama'a. Kalma nake nema, kuma na zo da wadda nake ganin ta dace, amma ina so ku auna ta kafin ta zauna a bakinmu.

Ƙanina da ke karatu a Sikotland ya turo bidiyo a zauren gidanmu na WhatsApp ranar Lahadi. Yana tsaye a bakin teku a Thurso, can ƙurewar arewacin ƙasar, da dogon allo a hammata. Jikinsa wata baƙar riga ce ta manne masa daga wuya har idon sawu, kai a rufe ruf, ido da hanci da baki kaɗai ke waje. Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuskarta kamar yadda take yi in babu tabarau kusa, ta ce, "Wannan kuma wace irin riga ce?" Turawa wetsuit suke ce mata. Na ce, "Rigar ruwa ce, Inna." Ta ce, "A'a, rigar ruwa ai ta damina ce." Da gaskiyarta. Tun ranar abin yake cina.

Bari mu fara sanin aikin rigar, don suna daga aiki yake fitowa.

Masu wannan wasa suna tsayawa ne kan allo igiyar teku ta ɗauke su zuwa gaɓa. Asalinsa na ƙasashen ɗumi ne irin Hawayi, har a Legas ana yinsa a Tarkwa Bay da gajeren wando kawai. Amma a Sikotland da Ayilan da Norwe, manyan igiyoyi da hunturu suke zuwa, lokacin da guguwa ke dama tekun Atlantika, kuma a lokacin ne ruwan ke sauka ƙasa da digiri 10. Mu a nan Bauchi ma'auninmu ruwan ɗumi na Wikki ne a Yankari, mai digiri 31 rani da damina. Wanda ya taɓa tsoma hannu a randar tsakar gida da asubahin Janairu ya ɗanɗana kaɗan daga abin da ake nufi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan iska. Jikin mutum 37 yake, da ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari: makyarkyata, hannu ya ƙi riƙo, tunani ya dagule.

To ita rigar ba hana ruwa shiga take yi ba. Ruwa kaɗan yana shiga ta wuya da wuyan hannu, ya kwanta tsakanin fata da riga, jiki ya ɗumama shi. Abin da ke tsare ɗumin kuwa shi ne jikin rigar kanta. Da wata roba ake yin ta mai suna neoprene, wadda kamfanin DuPont ya samar a 1930, ana hura ta ta koma kamar soso cike da ƙananan kumfar iska a kulle. Wannan iskar ce katangar. Wani masanin fizis a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Hugh Bradner, shi ake dangantawa da ƙirƙirar rigar wajen 1952, shekarar da Jack O'Neill ya buɗe shagonsa na kayan hawan igiyar ruwa a San Francisco, wanda daga baya sunansa ya zama tambarin irin waɗannan riguna. Da kauri ake sayenta. In ka ji an ce 5/4, milimita 5 ke nan a ƙirji da baya, 4 a hannuwa da ƙafafu don a samu motsi. Ta ƙanina 5/4 ce. Kuma dole ta matse, domin in ta yi yawa ruwa sabo zai riƙa kurɗawa yana wanke ɗumin.

Yanzu ga sunayen da na gwada na ajiye.

"Jiƙaƙƙiyar riga" fassara ce kawai ta bakin Bature. Bahaushe in ya ji haka, shanya zai tuna. "Rigar sanyi" suwaita ta riga ta ɗauke. "Kayan ninƙaya" ba su ce komai a kan sanyi ba, alhali sanyin shi ne dalilin rigar. Na so "taguwar ruwa" ƙwarai, tunda taguwa riga ce, sai na tuna duk mai jin tafsiri ya san taguwar ruwa a ƙissar Annabi Nuhu, ita ce igiyar kanta. Furucin ya ɗan bambanta, amma a rubuce ɗaya suke. Ba a ce mutum ya sa taguwar ruwa ya hau taguwar ruwa ba.

"Sulken ruwa" shi ya fi daɗewa a raina. Da shi na tafi gaida Baffa da yamma. Baffa ya yi shekaru yana hawan sallah, har yanzu kayan dokinsa na nan a ɗaki cikin akwatin ƙarfe. Na nuna masa bidiyon, na yi masa bayanin soson da iskar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, sulke ƙarfe ne. Taurinsa ke kare ka, kuma wanda ya faɗa kogi da shi sai dai wani ba shi ba. Abin da ka kwatanta lifidi ne. Shi lifidi da kauri yake tsare mutum, da abin da aka cusa a ciki." Ya sa aka buɗe akwatin, ya miƙo mini gefen wani tsohon lifidi, ya ce in matsa. Na matsa ya lotsa, na saki ya dawo a hankali.

Don haka abin da na kawo muku shi ne: lifidin ruwa.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Malam da ya ce auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, don haka sunan ya saɓa wa aikin: Allah ya ƙara sani, Malam, hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ba audugar gona kaɗai ake cusa wa lifidi ba, har da audugar rimi. Ita kuwa zarenta fanko ne, iska ce a ciki, ba ta saurin jiƙa, shi ya sa kafin zuwan soson roba da ita ake cika rigunan ceto na jiragen ruwa. Ka ga ashe hikimar guda ce, a kulle iska a sa ta tsakanin mutum da abin da zai cuce shi.

Yaya da ta ce to ai rigar ceton ce ta fi cancantar sunan: na yi tunanin haka, Yaya. Amma ita tana da sunanta, kowa ya san rigar ceto, har masu kwale-kwale. Ba a ƙwace wa mara gida a ƙara wa mai gida.

Wanda kuma ya ce lifidi burmeme ne, wannan kuwa matsattsiya: haka ne, nan kam sunan bai rufe ba, na yarda. Amma jirgi ma na ruwa ne tun asali, da aka ce jirgin sama da jirgin ƙasa babu wanda ya nemi ganin filafilin tuƙi. Masu cewa a bar shi "wetsut" kamar yadda muka bar mota da kwamfuta, ban ƙi aro ba, amma Inna ta ji mota ta ga mota a ƙofar gida. Wannan rigar ba za ta taɓa ganinta a kasuwar Wunti ba. Sunan ne kaɗai zai gaya mata ɗanta a kare yake.

Sauran kayan ba su wahalar ba. Na hannu safar hannu ce. Takalmin robar mai laushi da ke kamawa har idon sawu, wani ɗan'uwa daga Gombe ya ce huffi, kuma ban ga abin da ya fi shi ba, huffin ruwa. Hular da ke rufe kunnuwa da wuya haɓar-kada ce, tunda aikin da tamu ke yi ke nan da hunturu. Kuma ba ado ba ce, yawan shigar ruwan sanyi da iska na sa ƙashi ya tsiro a cikin kunne har ya rage ji. Igiyar da ake ɗaura allon da ita a ƙafa, don kada teku ta tafi da shi in an faɗi, ni talala na ce, ɗaurin da ke ba da sarari amma ba ya saki. Akwai wata rigar dabam da ba ta barin ko ɗigo ya shiga, wadda masu nutso suka fi sawa. Ita har yanzu ban samo mata ba, ina jiran ku.

Daren jiya na gaya wa Inna sunan. Ba ta ce ya yi ko bai yi ba. Ta ce in danna mata wurin magana, ta kara wayar a baki ta ce, "Auta, in dai sai ka shiga ruwan nan, kar ka kuskura ka shiga ba lifidin. Ka sa haɓar-kadar ma. In ka fito ka sha abu mai zafi."