Kalmar "sensitive": yabo ce ko suka?

Ɗaliba daga unguwar Zariya: Assalamu alaikum malamai. Kalmar nan ta Ingilishi, sensitive, ta raba kanmu a aji. Wasu sun ce mai tausayi take nufi, wasu sun ce mai saurin fushi. Ga kuma sensible ɗin da muka sani a Faransanci. Ku da kuke aiki da harsunan nan kullum, ku warware mana.

Mushen (malamin) Ingilishi na kwaleji: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya, ƙaramar kalmar da ke biyo bayanta takan taimaka wajen raba gardama. In an ce "she is sensitive to other people's feelings", yabo ne: tana lura da halin da mutane ke ciki, tana da kara, tana tauna magana kafin ta furta. In kuwa aka ce "he is sensitive about his height", to tsawonsa miki ne a gare shi, wanda ya ambata ya fama masa. Ta farko da kalmar "to", ta biyu da "about". Ku riƙe wannan.

In ta zo ita kaɗai, sai a duba abin da ke gabanta. "Too sensitive" suka ne, wato yana sa ƙaramin abu a rai. Haka oversensitive, haka touchy, haka thin-skinned, duk wanda ba ya ɗaukar wargi ne. Amma "a sensitive child" ba zagi ba ne, yaro ne mai taushin zuciya, wanda tsawa ɗaya ke sa shi kuka. Kishiyarta insensitive, wanda bai damu da zafin da maganarsa ke yi wa wani ba. Wajen furuci, nauyin murya a gaɓar farko yake, SEN-si-tiv. Yaranmu sukan kai shi ƙarshe saboda sabo da Faransanci.

Mai fassarar takardu, kusa da babbar kasuwa: Malam ya gama da nahawu, ni bari in faɗi inda ake asara. Sensible ta Faransanci ita ce sensitive ta Ingilishi. Sensible ta Ingilishi kuwa mai hankali ce, mai sanin ya kamata, abin da Faransanci ke cewa raisonnable. Rubutu ɗaya, asali ɗaya daga Latin, ma'ana ta rabu. A takardun shaidar hali da ake kawowa don neman aiki ko makaranta a Katsina da Kano kuskuren ya fi fitowa. Mai rubutu yana son ya ce yaron mai hankali ne, ya tuna an gargaɗe shi kan sensible, sai ya guje ta ya rubuta "he is very sensitive". Mai karantawa a can zai ɗauka yaro ne da ba a yi masa gyara sai ya ɓata rai. Ga takardar aiki a rubuta sensible, ko reliable, ko mature. In tausayinsa ake son nunawa, kamar mai neman aikin jinya, caring ko considerate sun fi tsabta, ba su da fuska biyu.

Akwai tarko na biyu da mutane ba su sani ba. Susceptible a Faransanci mai saurin jin haushi ne. A Ingilishi mai saurin kamuwa ne, kamar yaron da cuta ke saurin kamawa. Wanda ya fassara "il est susceptible" da "he is susceptible" bai faɗi komai ba, sai a tambaye shi da me zai kamu. Touchy ce daidai a nan.

Ɗaliba: To baba, sensibilisation ɗin da ake yi a ƙauyuka fa?

Mai fassara: Wayar da kai ke nan. A Najeriya sensitization suke cewa, kowa ya gane. In rahoton Ingila ko Amurka za shi, awareness raising ya fi zama.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji a asibiti: Ƙanwata, a wajenmu kalmar ba ta shafi zuciya ba ko kaɗan, kuma rashin sanin haka yana cutarwa. Masu zuwa jinya Najeriya suna dawowa da takardar gwajin fitsari ko na ruwan ciwo, an jera magunguna, gaban wasu an rubuta sensitive ko S, gaban wasu resistant ko R. Mutum ya duba a waya, ya ga wai jikinsa ne ba ya son maganin, sai ya ƙi shan wanda aka rubuta masa. Alhali ba shi ake nufi ba, ƙwayar cutar ake nufi. Ana shuka ta a faranti, a ɗora ƙananan takardu masu magani a kai, a bar ta kwana ɗaya cikin ɗumi kwatankwacin na jikin mutum. Inda ƙwayar ta kasa tsirowa kewaye da magani, an ce sensitive, wato maganin yana cin ta. Shi ne ake so. R shi ne wanda ba zai yi aiki ba. Maganin da jikin mutum ke ƙi, mai kawo ƙaiƙayi ko kumburi, allergic ake rubutawa.

Hajiya mai renon yara: Ni abin da zan ƙara, kada a mayar da kalmar sanda. Yaron da ke firgita da hayaniya, ko ya kwana da magana ɗaya a ransa, ba shagwaɓa ba ce kullum. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Elaine Aron, ta yi rubutu a kan mutane masu irin wannan hali a 1996, ta kira su highly sensitive, ta ce hali ne, ba cuta ba. Irin wannan yaro a ja shi gefe a yi masa gyara da murya ƙasa, kada a gaban ƴan'uwansa, a kuma sanar da shi tun da wuri in za a je wurin taro.

Mushe: Hajiya ta tuna mini da ɗaya. A jarrabawa, in an ga "a sensitive issue", magana ce da ake bi a hankali, kamar rabon gado ko rikicin gona. Kada a rubuta magana mai tausayi.