Wanda ba ya jin sai kiɗan gargajiya, ƙunci ne ko zaɓi?

Ɗan Birni:
Jama'a, mutum ya ce daga kalangu sai kotso, nanaye da hip-hop kuwa hayaniya ce. Sanin kiɗa ne wannan ko toshe kunne?

Baba Mai Faifai:
Ɗana, zaɓi ba laifi ba ne. Laifin a yanke hukunci ba a saurara ba. Gwajin shi ne, zai iya faɗin abin da ya ƙi? Idan ya ce fiyano ya danne murya, ko an gyara muryar da kwamfuta har ta daina karkarwa, ya saurara. Idan "shirme ne" kawai, bai ji ba. Matasa ma haka suke yi wa waƙar fada, alhali Sakkwatancin ne ya sha musu kai.

Hajiya Inna:
Gaskiya ne, Baba. A ji waƙa sau 3: na farko kiɗa kaɗai, na biyu yadda 'yan amshi ke karɓa, na uku baituka. Kuma ban da lasifikar waya, tana cinye amon ganga mai kauri.

Sarkin Kunne:
Na yarda, Hajiya. Amma kar a auna kuntigi mai tsirkiya ɗaya da ma'aunin situdiyo. Labarin da habaicin ake bi.